Batirin Muryar Baba Mai Tsire

Idanuna sun daina bambance launin zoben da ke jikin resista, ɗan abin nan na cikin rediyo mai rage ƙarfin wuta. Ban gane haka ba sai kwanan baya, da maƙwabcina ya kawo mini tsohon rediyonsa ya ce in duba masa, don ya san sana'ata ce a da. Na buɗe bayansa, na ɗaga ɗan abin zuwa hasken taga, na rasa ko ja ne ko ruwan ƙasa. Washegari na taka da ƙafata zuwa layin da muka yi zamanmu a Kurayyat, a nan Jidda, ina neman transista guda ɗaya. Shagunan duk sun koma na wayar hannu, gilashi ta ko'ina, fitilu kamar gidan biki. Wani mai shago ya saurare ni da ladabi har na gama, sannan ya ce, "Ya ammi, yanzu ba a gyara wannan. Allon gaba ɗaya ake canzawa, halas, shi ke nan." Bai yi ƙarya ba, kuma ban ji haushinsa ba. Na dai tsaya a bakin titi na daɗe ina neman inda ƙofar shagonmu take, ban tabbatar ba.

Na zo Jidda daga Nijar ina saurayi, da niyyar aikin hajji, na gama ban koma ba, kamar yadda da yawa daga cikinmu suka yi. Na fara da dako a rumbunan kaya na Khumra har kafaɗata ta yi kanta. Abin da ya fitar da ni daga dako ɗan lissafin da na koya ne a makarantar boko a gida. Wata rana na kai rediyona gyara wurin wani dattijo Bahaushen Chadi, wanda kowa ke kira Mu'allim. Yana ta rubutu a bayan kwalin shayi, ya tsaya yana ƙirga wani rabawa da yatsu, ni kuma bakina ya riga hankalina, na faɗi amsar. Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau, ya ce in dawo bayan sallar Asuba. Shekara goma sha wani abu na yi a gefen teburinsa.

Shagon bai fi ɗakin kwana ba. Da safe ni ke ɗaga ƙofar ƙarfe, ƙararta ta tashi kuliyoyin layin, in yayyafa ruwa in share, in je in karɓo burodin tamis da wake mai zafi mu karya. Sannan in zauna da matattun rediyoyi ina cire musu kayan ciki ɗaya bayan ɗaya, ina rarrabawa a gwangwanayen madara: resista nan, diyod nan, transista a gwangwanin da ya fi kowanne tsabta. Ba a zubar da komai. Har yau in na rufe ido ina jin warin dalma tana narkewa a bakin kawiya, wato ƙarfen da muke liƙa waya da shi, da ɗigar ruwan na'urar sanyaya ɗaki ta shagon sama a kan rumfarmu, da rediyo uku suna magana lokaci guda, ɗaya Larabci, ɗaya Hausa, ɗaya shuu kawai. In aka kira salla duk layin ya yi tsit, sai ƙarar ƙofofi suna sauka. A lokacin mutum yakan riƙe rediyo ɗaya shekara ashirin, ya san tarinsa da atishawarsa. Yanzu abu na fara ciwo ake jefar da shi, kuma ban ce laifin kowa ba ne, sabon ya fi gyaran sauƙi.

Mu'allim ba mai yawan magana ba ne, amma yana da wata magana da ya maimaita mini har ta gundure ni: "Kuskuren takarda gogewa ake yi, kuskuren waya hayaƙi yake yi." Ba ya ɗaukar kawiya sai ya zana abin da zai haɗa, ya sa lamba a gefen kowane abu. Ni kuwa hannuna ya yi sauri da wuri. Cikin shekara biyu ina iya gano ciwon rakoda da kunne, mutane sun fara cewa a ba ni, na fi tsohon hanzari. Wannan yabo ya shiga kaina. Na ɗauka fensirin nan na bayan kunnensa al'adar tsufa ce kawai.

Akwai wani abu game da gidajen Jidda na wancan zamani da yaran yanzu ba za su gane ba. Wuta iri biyu ce a gida ɗaya, ta ɗari da goma da ta ɗari biyu da ashirin, kuma sau da yawa soket ɗin kamarsu ɗaya. Rabin abincinmu daga nan yake fitowa. Baƙo ya zo, ko a tare a sabon gida, a cusa abu inda bai dace ba, sai ƙauri. A shagonmu ma haka ne, soket na hagu ƙarama, na dama babba.

A ƙarshen layinmu akwai wani dattijo da muke kira Baba mai tsire. Ya fi shekara talatin a Jidda yana gasa nama, Larabawa da baƙi duk sun san hayaƙinsa. Ciwo ya kama shi a maƙogwaro, aka yi masa aiki a asibiti, ya rayu amma murya ta tafi. Daga baya wani mai hali da ya saba cin tsirensa ya sa aka kawo masa wata 'yar na'ura daga waje, kamar ƙaramar tocila. In ya kara ta a wuya ya danna, sai ta yi zuu, bakinsa ya mayar da ƙarar ta zama magana. Muryar kamar ƙudan zuma a cikin gwangwani take, ba hawa ba sauka, amma ana ganewa. Bai cika amfani da ita a waje ba, don yana jin kunyar yadda mutane ke waiwayowa.

Wata safiya bayan hajji, lokacin da alhazai ke ta haramar komawa, sai ga shi a ƙofar shago tare da 'yarsa, matar aure ce haifaffiyar Jidda, Hausarta tana tafe tana jingina da Larabci. Mu'allim ba ya nan, ya tafi da kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa, sabunta iƙama, wato takardar zama, sai gobe. Ita ta yi bayani, don ita ce ke karanta leɓen mahaifinta. Sun canza gida, aka sa cajar na'urar a babbar wuta, ta ƙone. Batir biyu ne da ita, ƙanana masu caji, duk cajinsu ya ƙare, kuma sun zaga kasuwa ba irinsu, sai an aika waje, wata da watanni.

"Ba don komai ba ne ya sa muke sauri," in ji ta. "Ammati, yayar Baba, tana can gida, ta tsufa, ba ta gani. Tun da aka yi masa aiki, ni nake magana a kaset a madadinsa, ya hana a gaya mata gaskiya. Bana ta aiko da kaset. Ta ce shekara uku ba ta ji shi ba. Ta ce in ya mutu ne a faɗa mata ta yi masa addu'a, in kuma yana raye ya yi magana da bakinsa. Mutumin garinsu da zai kai kaset ɗin jibi da yamma jirginsu zai tashi."

Baba yana tsaye yana kallon ƙasa. Na karɓi batiran na juya su a tafin hannu, na ce, "Baba, wannan ƙaramin aiki ne. Ku dawo bayan La'asar."

Da suka tafi na ɗauko taransifomar wani mataccen rediyo, na haɗa mata diyod da abin tace wuta, na sa a soket na hagu, mita ta nuna mini bolt goma sha biyu. Na laluba gwangwani na ɗauko resista da ido, ƙarama, don ina so batirin ya cika da wuri in cika alkawari. Na jona batir ɗaya. Allurar mita ta wuce inda ya kamata, na gani, na ce ba komai, awa kaɗan ne. Da rana ta take zafi ya yi yawa, ina so in kunna fanka, ita kuma ta ƙaramar wuta ce. Sai na zare haɗin nawa na mayar da shi soket na dama, don na san taransifomar tana ɗaukar babbar wuta. Ban tsaya na tambayi kaina me zai faru da batirin ba. Na tafi sallar Azahar, na tsaya cin abinci. Da na dawo, wani wari mai kaifi ya tare ni tun daga ƙofa. Batirin ya kumbura, wani farin abu yana tsattsafowa daga bakinsa, na taɓa shi na janye hannu.

Na rufe shago kafin La'asar na gudu ɗakina, don kada su zo su same ni. Wannan shi ne abin da na fi jin kunyarsa har yau, ya fi ƙona batirin.

Da safe na riga Mu'allim zuwa, na ajiye gawar batirin a kan teburinsa, na faɗa masa komai, har da gudun. Bai ɗaga murya ba. Ya juya batirin da bakin fensir, ya ce, "Saura nawa?"

Na ce, "Ɗaya."

"To wannan ɗayan ba naka ba ne, ba nawa ba ne. Jawo kujera."

Na zaci zai karɓi aikin ya yi da kansa, kuma da ya yi haka da na ji daɗi. Sai ya yago bayan kwalin shayi, ya zare fensirin daga kunnensa ya miƙo mini. Ya ce in karanta abin da ke rubuce a jikin batirin. Na karanta, miliamfiya ɗari, wato ma'aunin wutar da yake ɗauka. Ya ce irin wannan batir kashi ɗaya cikin goma na abin da yake ɗauka ake ba shi, a hankali, awa goma sha huɗu. Wato miliamfiya goma, ba ƙari.

"Jiya wa ya yanke yawan wutar da ta shiga batirin?" ya tambaye ni.

Na ce, "Resista."

"A'a. Soket ne ya yanke. Resistarka abin da aka tura mata take wucewa da shi. A hagu, sha biyu ne, batir ya riƙe bakwai, saura biyar suna turawa. A dama fa?"

Na rubuta. Ashirin da huɗu, a cire bakwai, saura goma sha bakwai. Ya fi ninki uku. Na daɗe ina kallon lambar. Lissafin da ɗan aji uku zai yi ne.

Daga nan ya bi da ni a hankali, yana tambaya ina zanawa. Ya ce abin da muke so shi ne haɗin da zai ba da goma ko me soket ya kawo, ko batirin ya cika ko yana fanko. Ya sa na zana transista da ƙafafunta uku, waɗanda yake kira ta shiga, ta fita, da ta umarni. Batirin zai zauna a kan ta shiga. A ƙarƙashin ta fita resista ɗaya zuwa ƙasa. A kan ta umarni kuma diyod biyu a jere, da wata resista mai ɗan ciyar da su daga sama.

"Diyod tana da taurin kai," in ji shi. "Ko ka tura mata da yawa ko kaɗan, kusan digo bakwai na bolt take riƙewa. Biyu nawa ke nan?"

"Ɗaya da digo huɗu."

"Transista za ta ci digo bakwai tsakanin ta umarni da ta fita, wannan ladanta ne. Me ya rage a kan resistar ƙasa?"

"Digo bakwai."

"Ko a hagu ko a dama?"

Na buɗe baki zan amsa, sai na tsaya, don a nan ne abin ya faɗo mini. In ƙarfin da ke kan resistar nan ba ya canzawa, to wutar da ke ratsa ta ba za ta canza ba, kuma wutar nan ita ce dai mai bi ta cikin batirin. Duk rarar da soket ya kawo, transista ce za ta tare ta a jikinta. Na raba digo bakwai da miliamfiya goma, na samu om saba'in, girman resistar da ake buƙata ke nan. Ba a yin resistar saba'in, sai sittin da takwas. Na juye gwangwani na nemo ta da launin zobenta: shuɗi, toka-toka, baƙi. Na miƙa hannu zan ɗauki kawiya, ya dafe ta.

"Wa zai ɗauki zafin?"

Na koma kan takarda. A soket na dama, in batirin ya riƙe nasa, kusan bolt goma sha shida za su zauna a kan transista, sau miliamfiya goma, bai kai kashi ɗaya cikin biyar na wat ba. Za ta yi ɗumi, ba za ta ƙone ba. Duk da haka ya sa na zaɓi mai ɗan jiki, na ɗaura mata guntun gwangwani ya riƙa sha mata zafi.

Haɗawar ba ta ɗauke ni rabin awa ba. Amma bai bari batirin Baba ya kusanci wurin ba tukuna. Muka sa mita a gurbinsa, a soket na hagu, allura ta hau ta tsaya a kan goma. Ya ce in mayar dama. Na mayar. Allurar ta motsa kamar faɗin gashi, ta tsaya. Ya sa muka jona ƙwan tocila, muka cire, muka jona tsofaffin batira biyu, sannan huɗu, allurar tana nan inda take. Na yi shekaru ina ganin transista a matsayin abin da ake cirewa a sa sabo in rediyo ya yi shiru. Ran nan na fara ganin ana iya gaya mata abin da ake so, da lamba, ta kuma yi.

"Yanzu saura mai wuyar," in ji Mu'allim. "Je ka gidan Baba ka faɗa masa da bakinka. Ka ce kuma ya ba da izini kafin mu taɓa na biyun."

Na same shi a tsakar gida yana yanka albasa. Na durƙusa na faɗi abin da na yi, ban rage ba. 'Yarsa tana bayan labule, ta ce a hankali, "Inta ka san abin da ka ƙona? Jiya mun zo mun tsaya a ƙofarku har aka kira Magariba." Baba ya goge hannunsa, ya dube ni ya daɗe. Sannan ya ɗaga yatsa ɗaya, ya motsa leɓe. Ta fassara kamar ba ta so.

"Ya ce ɗaya ya isa, in Allah ya so. Ya ce ka yi."

Muka jona batirin bayan Azahar. Har muka tashi ina taɓa shi da bayan yatsa, yana nan da sanyinsa. Mu'allim ya ce in bar shi ya yi aikinsa, kallo ba ya ƙara masa komai. Washegari da hantsi na sa haɗin a cikin gwangwanin alewa, na huda masa ramuka, na ɗauki rakodar shago da sabon kaset na nufi gidan. Baba ya sa batirin a na'urar, ya kara a wuya, ya danna. Ƙarar ta fito da ƙarfinta. Abin da ya fara cewa, da muryar nan ta ƙarfe, shi ne, "Sannu da aiki." Na danna masa jan maɓalli, na ji ya yi sallama ya ce, "Yaya, ni ne," sai na fita na jawo ƙofa, don sauran ba nawa ba ne. Ya yi kusan rabin awa. Kafin La'asar kaset yana cikin jakar mutumin garinsu.

Bayan wannan na haɗa irin wannan da'ira ba adadi, ta cajin fitilun masunta, ta rediyon hannu na direbobin yankin Abhur, wani lokaci da diyod biyu, wani lokaci da transista ta biyu mai tsaron ta farko. Ban sake ɗaukar kawiya ba sai da takarda a gabana. Yanzu abin da muka yi wa wuni guda yana cikin wani ɗan baƙin ƙwaro da bai kai ƙwayar shinkafa ba, kuma mutum yana iya kiran ƙauyensu daga aljihunsa, a ji muryarsa nan take. Alheri ne, ba na musu. Sai dai a lokacinmu magana tana da nauyi, ana shirya mata, a yi wanka a zauna gaban rakoda, a san cewa amsa sai bayan watanni, in mai amsar yana raye. Mu'allim da Baba duk sun riga mu gidan gaskiya, a nan Jidda aka binne su, ba wanda ya koma gida a cikinsu.

Amsar yayar Baba ta zo da masu umarar azumi. Baba ya aiko a kira ni da Mu'allim, ya ce tare za mu ji. Muka zauna a tabarma bayan La'asar, 'yarsa ta danna rakoda. Aka ji kukan kaji da muryoyin mutane, sannan wata tsohuwa ta yi gyaran murya.

Ta ce, "Da aka kunna mini, na ce a kashe, wannan ba ɗan'uwana ba ne, inji ne aka sa ya yi mini ƙarya. Yara suka ce in daure. Ina ji ina kuka, har aka zo inda ya ce wai ya yafe mini barin ƙofar garke da na yi a buɗe, ranar da kura ta ɗauke tunkiyar mahaifinmu. Na ce to ku bari, shi ne. Duk duniya ba mai ɗora mini wannan sai shi. Na gode wa Allah da ya bar mini kai, ko da wace irin murya ce. Amma ka ji da kyau, ƙanena, kai ka bar ƙofar nan. Ni ina wurin daka."

Kafaɗun Baba suna ta rawa, yana dariya ba sauti, hawaye suna bin gemunsa. Ya laluba aljihu ya ciro na'urar, ya kara a wuya.

Ya ce, "A kawo kaset. Ba ta wurin daka."